Makara a Tsakiyar Titi

Jama'a, yau saura ƙiris gawar Baba Idi ta suɓuce mana a tsakiyar titi!

An yi masa salla a masallacinmu na unguwar Nzeng-Ayong a nan Gabon, motar ɗaukar gawa kuma tana tsallaken titi. Ashe an sauya lokutan danjar wurin. Yanzu motoci ake daɗewa ana ba hannu, mai ƙafa kuwa sai ya haɗa da gudu. Mu kuma ba a gudu da makara.

Danja ta ba mu hannu, muka taka a hankali. Muna isa ɗan dandamalin tsakiya, ta koma ja! Motoci suka zubo gaba da baya. Masu karɓar mu ɗaukar makarar duk an yanke su a baya, saura mu huɗu.

Malam Sani, dattijon da ke gabana, ya ce, “Ɗana, kafaɗata ta mutu.”

Na ce, “Daure, Baba, yanzu danja za ta sake mu.”

Ina! Makara ta fara karkata. Ɗan mamacin yana ta ihu daga can, “Don Allah kada ku sauke shi a ƙasa!”

Gwiwar Malam Sani ta lanƙwashe. Sai wani direban bas, ɗan Gabon, ya gitta motarsa ta toshe titin gabanmu. Ya diro, ya cusa kafaɗarsa a gurbin Malam.

Da Faransanci ya ce mini, “Ɗan'uwa, da wace ƙafa ake farawa?”

Haka muka tsallake da shi, ana ta danna mana hon, danja tana nan ja.