Kaskon Gwaggo a Gozaki

Mun tashi da asuba daga Funtua, ni da wani abokina mai karatun lafiyar dabbobi, muka nufi Gozaki. Ku da kuke bibiyata kun san yadda nake da tsuntsaye. Ban yi makarantarsu ba, a waya na koya, sai kuma zaman gindin bishiya. To Gwaggona ce, yayar babana, ta aiko wai tsuntsayenta na mutuwa, in zo in duba tunda an ce na zama likitansu. Ni kuwa ko allura ban taɓa riƙewa ba. Shi ya sa na lallaɓo abokin nan, ya ɗauko tsohon madubinsa na duba ƙwayoyin cuta, ya naɗe shi a zani kamar jariri.

Direba ya cusa mu mu biyu a kujerar gaba, da muka yi ƙorafin kuɗin mota ya ce mu je mu tambayi gidan mai. Duk ramin da muka faɗa sai abokina ya ƙanƙame madubi, har wata tsohuwa a baya ta tambaya ko ƙwai ne. Bazara ta kankama, gonaki an share su tas, an zuba taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa. A Bakori muka sayi ƙosai ta taga. A Malumfashi muka ci waina da miyar taushe, mai wainar ta ƙara mana biyu don ta ga alamar baƙunta. Daga nan sai babur har ƙofar gidan Gwaggo.

Tsuntsayen nata ba na keji ba ne, na daji ne. Akwai darbejiya a tsakar gidan, a gindinta wani kasko da ruwa, gefe kuma tsakin gero. Marigayi mijinta, Malam, shi ya fara ajiye musu ruwan a matsayin sadaka, kuma kafin ya rasu ya roƙe ta kada ta bari su zo su tarar ba ruwa. Tun daga ranar kaskon bai taɓa bushewa ba. Ƙari kawai take yi safe da yamma, ba ta zubar da na ciki.

Jama'a, ku zo ku ga taro. Kanari, gwara, baiwar Allah, duk a kasko ɗaya, ana sha ana wanka. Amma da na nutsu sai na ga wasu kanari sun kumbura gashi, ido rabi a rufe, ba kuka ba waƙa, bayansu ya ɓaci da zawo. Gwaggo ta ce huɗu ta binne a bayan rumbu, ta nuna min na biyar da ta tsinta da safe. Na ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinsa kamar bakin wuƙa.

Ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, ko dai sadakar ce ba a karɓa ba?"

Ashe abin da ke cin ta ke nan.

Muka shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin reshe muna jiran kashi. Matan maƙwabta suka leƙo suna dariya, wai samari sun taso tun daga Funtua tsintar kashin tsuntsu. Abokina ya dama shi da ruwan gishiri, ya ɗiga a gilashi, ya juya madubi wajen rana, ya ce in duba. Na kafa ido. Wasu 'yan ƙwayaye ne kewayayyu birjik, kamar an watsa gero. Ya ce a hanjin tsuntsu suke zama suna lalata shi, tsuntsu ya yi ta ci abinci ba ya kama jikinsa. Su fito a kashi, su faɗa ruwa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani ya zo ya sha. Muka kankaro dattin gindin kasko muka duba, ga su nan ma.

Murna ta ɗebe ni, na ruga na ce, "Gwaggo, mun gano. Kaskonki ne ke kashe su."

Tana dama mana fura, sai ludayin ya tsaya. Ta dubi darbejiyar, sannan ta ce, "Ashe da hannuna nake ba su."

Abokina ya taka min ƙafa. Ya durƙusa gabanta, a hankali ya ce mata yawancin tsuntsayen daji na yawo da ƙwayoyin nan ba sa yi musu komai. Sai bazara, in kududdufai sun ƙafe duk sun taru wuri ɗaya, abin ke yin yawa. Ya ce ruwanta ne ma ya raya da yawansu. Na daji ba a bin su da magani, gyaran shi ne a zubar da tsohon ruwa, a goge kasko da toka da ruwan zafi, a shanya shi wuni guda a rana, a riƙa sauya masa wuri. Ta ce duk ta ji, amma wunin nan guda ba za ta iya ba, alkawari ta ɗauka. Ni dai na rasa inda zan sa kaina.

Can ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da kaskon da take turaren wuta da shi, ta ɗauraye, ta cika shi da ruwa, ta kai inuwar rumbu.

Ta ce, "To ga kasko ya zama biyu. Ɗaya na shan rana, ɗaya na aiki. Kai kuma likita, ɗauki tsohon ka goge."

Na goge shi har hannuna ya yi fari. Kafin mu gama shan fura wata baiwar Allah ta sauka a bakin sabon, ta leƙa, ta sha. Gwaggo ta ƙara min nono.

Bayan la'asar muka kamo hanya da ƙullin daddawa da mangwaro, muka shigo Funtua ana kiran magariba. Waɗanda ciwon ya riga ya ci, ban sani ba ko za su tashi. Abin da tafiyar nan ta koya min, gano cuta daban, iya faɗin ta daban, kuma na biyun babu shi a waya. In kuna ajiye wa tsuntsaye ruwa, don Allah ku yi kwano biyu. Ni ma ina shiga gida na wuce wajen nawa, na tarar gindinsa ya yi kore shar. Wata uku ke nan ƙari kawai nake yi.