Tulun da Ba Ya Gumi

Shekara arba'in da 'yan kai Iya Larai ta yi tana ginin tukwane a Dawakin Tofa, kuma wanda ya taɓa shan ruwan tulunta da tsakar rana a bazara ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kayan aikinta ba su cika tafin hannu biyu ba: sakaina, totuwar masara, sai wani dutse mai santsi da ta gada wurin uwarta. Sauran duk aikin yatsu ne.

A 2015 ciwon suga ya taso ta a gaba, sai ɗanta na fari Mijinyawa, injiniya a wani kamfanin gas a Doha, ya ɗauko ta ya ajiye a hawa na bakwai na wani bene a unguwar Al-Sadd. An sha magani, jiki ya ɗan dawo. Amma likita ya faɗi abin da ita ta riga ta sani, cewa yatsunta mutuwa suke a hankali. Sau biyu kofin shayi yana ƙona ta ba ta ji ba. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai, har ta rage magana.

Sai ta ƙudura abu guda. Kafin hannun ya tafi gaba ɗaya, za ta gina tulu ɗaya ta bar wa ɗan nan, tunda ya zaɓi zama a ƙasar da iskarta ma ƙuna take. Ruwan firij, in ji ta, a haƙori sanyinsa yake tsayawa, ba ya kashe ƙishirwa.

Mijinyawa mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da in ka ce bayanka na ƙaiƙayi za su sayo maka inji. Kwana uku da jin maganar sai ga kwalaye: faifan lantarki mai juya yumɓu, akwatin ƙananan ƙarafa iri-iri, da buhun yumɓu mai laushi kamar man shanu.

"Iya, hannunki ya gaji," ya ce. "Wannan zai yi miki rabin aikin."

"Injiniya," ta ce, don ba ta kiran sunan ɗan fari, "shi injin naka ya san inda tulu ya yi kauri da inda ya yi sirara?"

"Akwai abin awo a cikin akwatin."

"To, Allah ya ba shi lada."

Sau ɗaya ta hau faifan don kada ransa ya ɓaci. Yumɓun ya ƙwace ya manne a labule. Daga ranar aka tura injin bayan kujera.

A baranda ta yi aikinta, da sanyin safiya kafin gari ya ɗau zafi. Ta daka fasasshiyar tukunyar shuka fure a turmi, ta sa aka samo mata ƙaiƙayi daga wata gona a Umm Salal, ta cuɗa su cikin yumɓun nan mai santsin banza har ya yi tsakuwa-tsakuwa yadda take so. Hikimar tulu ke nan: jikinsa ya zama da ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa ya riƙa nasowa waje kamar gumi, iska ta ɗauke, na ciki ya yi sanyi. Ba ta yi wa ɗanta wannan bayanin ba. Wa zai tsaya koya wa ɗan maginiya cewa tulu gumi yake? Ta manta yaron yana ɗan shekara sha ɗaya ya tafi makarantar kwana.

Kwana tara ta yi. Inda yatsu suka kasa gaya mata danshin yumɓu, sai ta kai shi leɓenta ta ji. Ta mirgina totuwa a wuyan tulun, ta goge cikinsa da dutsen uwarta, ta danna babban yatsa a ƙarƙashin baki yadda matan gidansu ke yi wa nasu shaida.

A Doha ba a tara kara a cinna wuta a bayan gida, don haka da tulun ya bushe Mijinyawa ya kai shi wata masana'anta a Umm Salal mai gasa tukwane da lantarki. Mai wurin ya ƙwanƙwasa shi, ya yaba, sannan ya ce wannan zai riƙa yoyo a ƙasa, sai dai a shafe shi da ruwan nan da in ya sha wuta yake zama kamar tangaran. Mijinyawa ya tuna wahalar tsohuwa, ya ga bai kamata aikin kwana tara ya ƙare a yoyo ba.

"To, a shafe shi ciki da waje," ya ce. "Kore, tana son kore."

Sati uku aka yi kafin a gama. A cikin satin ukun nan ne dutsen uwarta ya suɓuce daga hannunta, ba ta san ya faɗi ba sai da ta ji ƙararsa a ƙasa. Ta zauna ta yi kuka mai isarta. Ta san ginin tukwane ya ƙare mata.

Ranar Juma'a ya shigo da tulun a rungume, tulun yana sheƙi, shi kuwa bakinsa har kunne. Ta duba ƙarƙashin bakin tulun. Shafen ya cike gurbin yatsanta, ya daidaita shi da sauran jiki. Ta sa aka cika shi da ruwa aka ajiye a inuwar baranda, ta jira tun hantsi har la'asar.

Da yake hannu ba zai gaya mata komai ba, sai ta sunkuya da ƙyar ta jingina kuncinta a jikin tulun. A bushe yake ƙayau, da ɗumi. Ta daɗe a haka.

"Iya, yaya?" Mijinyawa ya tambaya daga bakin ƙofa. "Kin ga ko ɗigo bai zubar ba."

"Na gani, Injiniya. Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Miƙo min ruwa daga firij."