Ɗakin da Malam Maharazu Ya Sa wa Ɗigo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairun 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Maharazu Babban Mutum, malamin kwamfuta, a gidansa da ke Daura kusa da Kusugu, bayan jinyar kwana tara. Shekarunsa sittin da uku. Ni Hadiyya, malamar firamare daga Dutsi, ɗalibarsa da ta fi kowa taurin kai, na zauna in rubuta baƙin ciki, sai dariya ke ta riga hawaye fitowa. Malam, laifinka ne, sai ka yi haƙuri da abin da ya samu.

Ina da shekara arba'in da biyu na shigo ajinka, na ɗauka za a ba ni linzamin kwamfuta in yi ta danna hotuna. Sai ga baƙin allo fayau, ba hoto ba fure, sai ɗan farin layi yana ta ƙyafta mini ido. Na ce, "Malam, wannan ai ta mutu." Ka ce ba ta mutu ba, jira take a yi mata magana. Daga ranar ka mayar mana da kwamfuta gida mai ɗakuna. Duk wanda ya rikice, sai ka ce ya rubuta pwd, ta gaya masa ɗakin da yake tsaye. Kana kiran ls sallama, domin ita ke nuna wa da wa ke cikin ɗaki. Da cd ake shiga, da mkdir ake gina sabon ɗaki, cp ta kwafa, mv ta yi ƙaura da kaya, cat kuma ta baje rubutu a karanta. Umarnin man, mai bayanin sauran umarni, ka ce ma'anarsa mutum da Turanci, don haka ɗan garinku Babban Mutum ne. Har yau in wani ya kakare a cikinmu, sai ka ji an ce, "Tambayi Babban Mutum."

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi, wato rm, umarnin gogewa. Ka ce wuƙa ce, abin da ta yanka ba ya tashi. Ni kuwa da rawar kai, sati na uku na yanke ɗakin da na tara tambayoyin jarrabawar 'yan aji shida kaf. Wayyo, ranar na ga ta kaina! Ka bar ni na yi kukana ya ishe ni, kana ta kaɗa shayinka, sannan ka nuna mini kwafin da ka ajiye tun da safe, domin ka san halina. Ka ce, "Malama, ba a yanka sai an yi sallama." Tun daga ranar ban ƙara taɓa rm ba sai na fara da ls.

Akwai darasin da ka fi jin daɗinsa. Duk ɗakin da sunansa ya fara da ɗigo, ls ba ta nuna shi, sai an rubuta ls -a. Irin waɗannan kana kiran su masu kunya. Ka ce suna nan a gidan, fitowa gaban baƙi ne ba sa yi. Muka yi dariya muka wuce, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Kowa ya san kai mutumin da ne wajen alkunyar ɗan fari. 'Yarka ta fari, Ummukulsum, wadda mahaifiyarka ta rena a Babban Mutum, yau ma'aikaciyar jinya ce mai 'ya'ya uku, amma ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinka. "Waccan ta wajen Inna," iyakarka ke nan. Ƙannenta Yazid da Fadila kuwa, sunansu har ya ishe mu a aji. Ita ta san al'ada ce, amma sanin al'ada daban, abin da zuciya ke so daban.

Washegarin addu'ar bakwai, da hantsi, matarka Hajiya Barakatu ta aiko in zo. Iyali sun yanke a goge tsohuwar kwamfutarka a ba makarantar unguwa sadaka, kamar yadda ka yi wasiyya, kuma mai gogewar zai zo da la'asar. Ba mai iya baƙin allonka a gidan, shi ya sa aka nemo ni in kwashe wa kowa abin da ka bar masa. Hajiya ta ba ni kalmar sirri, 'ya'yan suka kewaye ni a kan tabarma. Na yi sallama da ls. Sai ga ɗakuna huɗu: barakatu, yazid, fadila, makaranta. Na ƙara dubawa, huɗun dai ne.

Ummukulsum ta karanta su da idonta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ba komai, Anti. Ku kwashe nasu a goge." Wallahi Malam, a wannan lokacin na ji haushinka, kana kabari ina jin haushinka. Har na fara kwafe na Yazid, ina cewa a raina wace irin kunya ce wannan. Kalmar kunya tana faɗo mini, yatsuna suka tsaya.

Na rubuta ls -a. Can sama, kafin sunan kowa, ga shi da ɗan ɗigonsa: .ummukulsum.

Na yi guɗa a gidan makoki, Allah Ya yafe mini. Muka shiga da cd. Ɗakin ya fi na kowa kaya. Hotonta na ranar suna da ka ɗauko daga tsohon kati, sakamakonta tun daga aji ɗaya, hoton ranar da ta fara sa fararen kayan asibiti, wanda ashe daga bayan taro ka ɗauka ka sulale. Akwai ɗan rubutu guda mai suna sako, na baje shi da cat. Layi biyu ne. Na farko sunanta ne sau uku, Ummukulsum, Ummukulsum, Ummukulsum. Na biyu ya ce, "Baki ya ji kunya, yatsu ba su ji ba. Allah Ya yi miki albarka, 'yata."

Malam, da ka ga gidanka ranar! Hajiya tana dariya tana share ido tana cewa, "Kai, wannan mutum, har da ni ya ɓoye wa." Fadila ta ce ita fa ba ta yarda ba, nata ɗakin ko rabin wannan bai kai ba. Ummukulsum kuwa ta ɗora yatsa a kan allon, tana bin sunanta harafi harafi kamar yau ta fara karatu.

Da na zo kwafe mata, na ce da mv guda zan cire ɗigon, ɗakin ya fito fili kamar na kowa. Ta riƙe hannuna. Ta ce, "A'a, Anti. Bar wa Baba kunyarsa. Ni dai koya mini yadda ake buɗewa." A kan tabarmar na koya mata ls -a, kuma a karon farko ta iya, ba irina ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Maharazu, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe kurakuransa. Alherin da ya yi a fili da wanda ya sa wa ɗigo, babu wanda ya ɓoyu gare Ka, Ka saka masa da Aljannar Firdausi. Ka sa abin da ya koya mana ya zame masa sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Barakatu, da Yazid, da Fadila, da 'yan uwa na Babban Mutum, da mu ɗalibansa na Daura da Dutsi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura mutum ɗaya, Malam, ba mantawa na yi ba. Na ware ta ne don in faɗi sunan da ƙarfi a madadinka: Ummukulsum, Allah Ya jiƙan babanki.