Shekarar da Aka Kwance Dangar Gidanmu

Har yau in na ji iska na kaɗa tsohuwar zana, sai gabana ya faɗi. Abin ya samo asali ne tun ina 'yar aji biyu a ƙauyenmu, can wajen Damagaram Takaya.

Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ba ta da gini. Rumfa ce ta kara da zana, damina ta cinye ta, bayan girbi iyaye su sake kafawa. Malami da alli na gwamnati ne, rumfa kuwa ta mutanen gari. Mai iko da makarantun yankin duka shi ne ansifekta. Ba mu taɓa ganinsa ba, amma ko malaminmu, da muke ce wa Mushe, in zai ambace shi sai ya rage murya.

A shekarar da nake ba ka labari, ruwa ya ɗauke da wuri. Ɗan karan da aka samu kowa ya ɓoye wa dabbobinsa. Sai saƙo ya zo cewa ansifekta zai zagayo, garin da ya tarar babu aji za a ɗauke malaminsa a kai garin da ya shirya. Garin da ya shirya kuwa sai an keta daji, kuma babana ya riga ya rantse 'yarsa ba za ta keta dajin nan ba. Ko motar 'yan kasuwa na ji, sai in ruga in leƙa ko ansifekta ne.

Kakana ne shugaban iyayen yara, shi da bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya bi gida gida, ya dawo da karan da ko akurki ba zai rufe ba. Washegari da hantsi ya ɗauki wuƙa ya fara yanke igiyoyin dangar gidanmu don a kafa rumfar aji da zanarta.

Innata ta fito hannunta duk gari. "Baba, tsirara za ka bar mu?"

"Ku rataya zannuwa," ya ce, bai ko ɗago ba.

Wanda bai zauna gida marar danga ba bai san fargaba ba. Jakuna su shigo har bakin murhu, karnuka su leƙa tukwane, masu wucewa su kau da kai don kunya. Innata ta koma girki a sunkuye. Ni kuwa gani nake kowa ya san saboda ni aka tone mana asiri, kuma in Mushe ya tafi duk da haka, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ranar da ansifekta ya iso, ya shigo aji ya kama dirka ya girgiza. Rumfar ta yi kuka, ƙasa ta zubo mana a ka. Na runtse ido, na ji ɗumi na bin ƙafata.

"Tsoho, wannan ai tsohuwar zana ce," ya ce wa kakana. "Daga ina?"

Kakana ya nuna da haɓa. Daga ƙofar ajin ana hango innata tana daka a bayan zanen da bai kai kafaɗarta ba. Ansifekta ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga motarsa ya tafi. Mushe dai bai tafi ba, amma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mana maganar ta wuce. Da wannan tsoron na gama firamare.

Yanzu lakwal ɗin ta siminti ce, da kwano da ƙofar ƙarfe. Da na je daga Zinder kwanakin baya, na tarar da yara zaune a gindin bango, har da 'yar ƙanena. Malamin da aka turo bai zo ba tun buɗewa, an buga waya, ana jira. Na gaya wa innata, ta tsufa, ido ya yi rauni. Sai ta ce, "Da zana suke so, da mun ba su. Yanzu me za mu kwance?"