Baba Ya'u da Muryar Inna Zulai

Ka taɓa ganin mutum ya shiga shagon kayan sauti da ƙwarya a hammata, da daro a hannu, yana tambaya ina za a samu ruwa? Ni na gani, don ni na kai shi a kan babur. Sunansa Ya'u, amma mu a Warra Baba Ya'u mai inji muke ce masa, kuma katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Sana'ata fataucin albasa, na saba da ƙirga buhu da duba sikeli, shi ya sa zan iya gaya maka cewa amfilifaya goma sha huɗu muka gwada kafin mu dace. Amfilifaya ita ce akwatin nan da ke karɓar sauti daga kaset ko waya, ta ƙara masa ƙarfi, ta tura wa sifiku.

An haifi Baba Ya'u a wani gungu, wato tsibiri, da yanzu yake ƙarƙashin tafkin Kainji. Yana ƙarami ruwa ya taso aka kwashe su zuwa tudu. In ka tambaye shi fasalin gidansu ba ya tunawa, amma yana tuna ƙarar taɓarya da safe, yadda take bin bayan ruwa a hankali har ta isa gungun maƙwabta, su ma su amsa da tasu. Ya yi shekaru yana kamun kifi, da injinan jirgi suka yawaita a tafkin ya koma gyaransu. Har yau in yana zaune a bakin ruwa, jirgi na can nesa kamar ƙuda, zai gaya maka na wane ne.

Da kunne ya samu mata. Wata la'asar yana saurayi, yana dawowa daga wajen Shanga a kwalekwale, ya ji kiɗan ƙwarya daga wani gidan biki a gaɓa, da wata murya a samansa. Ya ce muryar ba ta zo masa ta iska ba, ta ruwa ta zo, ta shiga katakon jirgin, ta hau ta ƙafafunsa. Ya ajiye filafili ya bar ruwa yana jan sa har ya wuce garin. Bai ga mai waƙar ba ranar. Daga baya ya bi tambaya, aka ce Zulai'atu ce, zabiyar mata.

Inna Zulai ta yi tashe. Daga Shanga har Ngaski, bikin da ba ta je ba mata sukan ce bai yi armashi ba. An ɗauki waƙoƙinta a kaset tara da wata babbar rediyo mai kunne biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Laima ta ci biyu, saura bakwai. Sai ciwo ya kama ta a maƙogwaro, aka yi mata aiki, ta warke, amma muryar ba ta dawo ba. Yanzu raɗa take yi, sai ka sunkuya kake ji. Ta daina zuwa biki, ko na dangi.

Bara jikarsu Mufida, wadda ke aikin ungozoma, ta tashi aure. Abu ɗaya ta roƙa: ranar yinin biki a sa wa mata kaset ɗin kakarta. Aka aro irin akwatin nan na zamani mai fitilu masu juyawa, aka jona don gwaji. Ina wurin. Ƙwaryar ta fito kamar ana buga murfin tukunya, muryar kuwa siririya, mai tsini, kamar ta wata yarinya mai mura. Inna Zulai ta saurara kaɗan, ta ɗaga hannu aka kashe.

Ta ce cikin raɗa, "Wagga ba ni ta ba. In haka nike, ashe mutane haƙuri sunka yi da ni."

Ta tattara kaset ɗin ta zuba a gwangwanin madara, ta ce kafin bikin za ta ba ruwa su, kada jikokinta su tuna ta da wannan ƙara. Ba ta faɗa da fushi ba, abin da ya tsorata Baba Ya'u ke nan. Ya roƙe ta ta ara masa ɗaya, ta kuma jira shi zuwa makon biki. Ta yarda, amma gwangwanin ya koma ƙarƙashin gadonta.

Shi ya san akwatin ne ya yi mata ƙarya, domin ya taɓa jin wannan kaset ɗin shekarun baya a shagon abokinsa Elijah, mai gyaran rediyo a Yelwa. Elijah yana da tsohuwar amfilifaya mai kwalabe, irin wadda in an kunna kwalaben suke yin ja kamar garwashi, sautinta kuma ya fito da taushi da kauri. Can muka fara zuwa.

Elijah mutumin kan dutse ne, tsoron ruwa gare shi, abin da suka shekara arba'in suna tsokanar juna a kai. Yana ganin mu ya ce ga kada ya fito tudu, a ɓoye awaki. Baba Ya'u ya ce wanda ke addu'a kafin ya tsallaka kwata ba shi da bakin magana. Bayan an gaisa Elijah ya nuna mana mai kwalaben a kan kantar shagon, ta mutu, kyankyasai sun gaje ta. Kwalabenta ba a samun su a nan. Na duba a waya, na ga kuɗin irinta mai aiki ya kai na injin jirgi, ga shi tana shan wuta, ba solar gidana da za ta riƙe ta. Na ce to magana ta ƙare.

Elijah ya ce ba ta ƙare ba. Akwai marasa kwalba, masu taransista, irin na da, waɗanda sautinsu ya yi kusa da na mai kwalabe, kuma yanzu ba mai son su don ba su da fitilu ba su da rimot. Ya ce mu nemi mai nauyi, mai farin ƙarfe a gaba, in an samu da katako a gefe, mai hanya biyu, dama da hagu. Amma ya ce nauyi alama ce kawai, kunne ne alƙali.

A nan Baba Ya'u ya ɓullo da dabararsa. Ya ce kunne yana mantuwa, a kasuwa kuma kowace ƙara daɗi take yi in an ƙure ta. Saboda haka zai tafi da abin da zai tuna masa. Ya ɗauko ƙwaryar kiɗan matarsa da daronta. Duk shagon da muka shiga sai ya cika daro da ruwa, ya kifa ƙwaryar a ciki, ya buga da tafin hannu, dum, ya jira ƙarar ta gama mutuwa, sannan ya ce a sa kaset. In ƙwaryar cikin kaset ta yi kama da ta cikin daro, sai ya saurari murya. In ba ta yi ba, ko baiti ɗaya ba ya bari a yi.

Masu shaguna sun sha dariya. Wani ya tambaya ko wanka za mu yi wa kayan. Wani ya ƙure tasa har gilashin shagon yana rawa, ya ce Baba ka ji aiki. Baba Ya'u ya ce ya ji, a haƙarƙarinsa ya ji, amma matarsa ba ta cikin wurin. Sababbi shida muka gwada, duk suka faɗi. Wasu tsini, wasu gurnani har ya danne murya. Tsofaffi uku muka samu a gidajen mutane, biyu ɓangare ɗaya kawai ke magana, ɗayar mai ita ya ji muna nema ya ce ta gado ce, ba ta sayarwa ba.

A hanyar dawowa yakan zauna a bayana, daro yana ƙwanƙwasar gwiwata. Wata rana da muka zo inda ake hango tafkin ya ce in tsaya. Rana ta yi sanyi, ruwan ya kwanta kamar an shafa masa mai. Ya daɗe yana kallo. Ya ce wani lokaci yakan ji kamar duk wata ƙara da aka taɓa yi a gungunsu tana nan a ƙasa ba ta lalace ba, taɓarya, kiran salla, kukan jarirai, ruwa ya rufe su kawai. Ya ce ba ya son muryar Zulai ta je can tun tana da rai.

Ni na gano inda masu nauyin suke ƙarewa. Ina lodin albasa a Yelwa kusa da wurin 'yan gwangwan, na ga wani ya ɗora akwati mai farin gaba a kan dutse, ya ɗaga guduma. Kafin in yi magana ya sauke ta. Ashe nauyin nan da Elijah ya ce mu nema, jan ƙarfe ne naɗe a ciki, shi suke fasawa su cire. Na samu mai wurin, Lawali, muka daidaita: duk akwatin sauti mai nauyi da ya shigo, a ajiye shi gefe a kira ni, zan biya kuɗin kilo da ɗan ƙari. Lawali ya ce bai taɓa ganin mai sayen gawa da rara ba, amma ya yarda.

Huɗu na farko gawa ne da gaske. Ta biyar, wato ta goma sha huɗu a lissafina, kilo goma sha ɗaya ta yi a sikeli, kuma abin da na biya bai kai kuɗin buhun albasa a lokacin kaka ba. Zanzaro ya yi gini a cikinta. Elijah ya share, ya canza wasu ƙananan kaya da suka kumbura, ya haɗa ta da tsofaffin sifiku biyu da Baba Ya'u ya yi wa akwati da katakon wani mataccen jirgi.

Da aka kunna, Baba Ya'u ya yamutsa fuska. Elijah ya ce ya yi haƙuri, tsohuwa ce, ba ta tashi da gudu. A bar ta ta ɗumama. Muka sha shayi. Elijah ya ɗora bayan hannu a kan akwatin, ya ce yanzu. Baba Ya'u ya buga ƙwarya a daro, dum. Aka sa kaset, dum. Ni dai ban iya raba su ba. Baba Ya'u ya rufe ido, ya bar waƙar ta tafi har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce mini, "Surajo, ɗaure ta. Sannu da ramu, ba albasa ka ɗauko ba."

Da la'asar muka kafa ta a tsakar gidansu, ƙarƙashin mangwaro, na jawo wuta daga solata ta kan katanga. Sifika ɗaya dama, ɗaya hagu, tabarma a tsakiya. Inna Zulai ta fito ba da son ranta ba, da gwangwanin madarar a hannu, ta ce in dai irin ta rannan ce, daga nan bakin ruwa za ta wuce. Mufida ta zaunar da ita, ta ce tsohuwa a rage rigima.

Ƙwarya ta fara. Sai muryar ta fito, kuma ba daga dama ba, ba daga hagu ba. A tsakiya ta tsaya, a fili, inda babu kowa, daidai tsayin mace a zaune. Tana da kauri, tana da ɗumi, kana jin inda ake jan numfashi. Kaji suka ci gaba da tonon su. Ganyen mangwaro yana motsi, inuwa tana yawo a kan tabarma. Na ga kamar gidan ya cika da mata masu sababbin zannuwa, alhali mu huɗu ne.

Inna Zulai ba ta yi kuka ba. Ta karkata kai, ta miƙa yatsa wajen hagu.

Ta ce, "Ga Ladidi can. Nan taz zamna. Allah shi jiƙan ta, kullum sai ta makara da amshi."

Ta nuna dama, ta ambaci wasu biyu. Sannan ta koma sauraron kanta. Baba Ya'u ya sunkuya ya tambaye ta ko ita ce. Ta buɗe gwangwanin, ta fito da kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya tana duba su, ta ware biyu ta miƙa wa Mufida, ta ce waɗannan za a sa. Ta ɗaga wani ta ce ban da wannan, ranar da mura ta yi shi. Sauran ta ba mijinta, ta ce ya nema musu wurin da laima ba ta kai.

Ranar yinin biki ban shiga ba, wurin mata ne. Matata ta ce Inna Zulai ta zauna tsakanin sifikun nan biyu da daronta a gaba, tana bin kiɗan da hannunta, leɓɓanta suna motsi, matan kuma suna yi wa kaset amshi.

In akwai wani a gidanku da aka taɓa ɗaukar muryarsa, mai waƙa ne ko mai karatu, kada ka yanke masa hukunci da akwati mai fitilu. Ka leƙa wurin 'yan gwangwan, ka ɗaga akwatunan ka ji mai nauyi, ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi. Ka bar ta ta ɗumama, ka raba sifikun, ka shimfiɗa wa mutumin tabarma a tsakiya. Don Allah ka gwada, tun yana nan zai iya gaya maka wa ya zauna a ina.