Azumin Bahabashiya

Har yau in madara ta kama a gindin tukunya, ƙaurin ya bugi hancina, sai in kasa zama wuri ɗaya. Jikokina su yi ta dariya suna cewa da Larabci wai tsohuwa ta fara zagaye. Ba su san Hindawiyya ta nan Makka ƙaurin yake mayar da ni ba, zamanin da unguwar duk bukkokin gwangwani ce da buhu.

Kakata ta wajen uba Bakanuwa ce. A ƙasa ta zo Makka, ta Chadi da Sudan, shekaru tana hanya, kuma a hanyar ta binne mijinta. Ta iso da ɗa guda, shi ne mahaifina. Da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In magana ta kama, sai ta juya wajen akuyarta ta ce, "A gaya wa wancan abinci ya huce." Ku da kuka taso nan za ku ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce irin ta mutanen gida.

Duk shekara in sanyi ya wuce, zafi ya fara leƙowa, sai ta bar cin nama, ta bar man shanu, ta bar shan madarar awakinta, makonni a jere. Sai wake da gurasa. Madarar kuwa ta dafa, ta ɗora mini ƙwarya, mu bi lungu muna ba alhazan da ciwo ya kwantar har ayarinsu ya tafi ya bar su. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kowace ibada a Makka da wata take tafiya, azumi yana yawo, Hajji yana yawo, amma nata da zafi yake zuwa. A makonnin nan ba ta da sukuni, ta shiga ta fita, ta kwance akuya ta sake ɗaurewa. Duk malamin da ta gani sai ta tare shi da tambaya ɗaya: wanda ba Musulmi ba, in ya yi alheri, ina alherin yake zuwa? Kowa da irin amsarsa, babu wadda ta zaunar da ita.

Wata maƙwabciyarmu da ta daɗe a Sudan ce ta gano zancen. Ta ce wannan ai azumin Nasara ne, haka Habashawa suke yi kafin idinsu. Matar nan kuwa magana ba ta kwana a bakinta. A Makka wannan ba ƙaramin zance ba ne, balle ga mu da ba mu da takarda. Mahaifina yana yi wa wani muɗawwifi aiki, wato mai kula da alhazai, shi ke yi masa tafinta da Hausawa, ya raka su Mina. Mutumin ya kira shi ya ce ko ya gyara gidansa, ko ya nemi wani wurin.

Bayan la'asar ya shigo, ina tsaye da ƙwarya a ka. Ya durƙusa nesa da ita ya ce, "Inna, don Allah khalas, ya isa haka, ki bar abin nan. Ana cewa Nasara muke bi. Aikina zai tafi, in ba a yi sa'a ba a zuba mu a jirgin ruwa."

Ta daɗe tana shafa wuyan akuya, sannan ta ba akuyar labarin. A wani ƙauye kusa da iyakar Habasha zazzaɓi ya kashe mijinta, ita ma ya kayar da ita, nononta ya ƙafe. Jaririnta, wato mahaifina, ya yi kuka har ya daina. Sai ga wata Bahabashiya mai zanen gicciye a goshi, wadda ɗanta bai daɗe da mutuwa ba. Lokacin babban azuminsu ne, ba nama ba madara, ba sa cin komai sai rana ta karkata. A haka ta ɗauki yaron ta sa a nono, kullum, har jiri yana ɗibarta. Kakata ta roƙe ta da ta ci wani abu. Matar ta taɓa goshinta ta ce da guntun Larabcinta, wanda suke yi wa azumin ya sha wuyar da ta fi wannan, kuma abin da mutum ya hana bakinsa, rabon mai yunwa ne.

Daga nan kakata ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Ban taɓa ganin haka ba, har tsoro ya kama ni. Ta ce, "Ta shayar da kai har ka ƙoshi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kai da ke zama da malamai, faɗa mini mece ce ita a wurinka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwa ce."

Ta ce, "To. Ni ban bi addininta ba, sallata nake yi. Amma ba zan sha madara a lokacin da ta hana kanta don kai ba."

Ya tambayi sunan matar. Kakata ta ce matar ta faɗa mata, harshenta ne bai iya riƙewa ba. Shekara da shekaru yana zaune da labarinsa a ɗaki ɗaya, kunya ta hana a gaya masa. Ya miƙe ya sauke ƙwaryar daga kaina, ya fita da ita a fili, maƙwabta suna leƙe, ya kai wa marasa lafiya da hannunsa.

Aikin ya tafi. Ba a kore mu ba, amma ya koma ɗaukar ruwa a garwa yana sayarwa, kafaɗarsa ta yi kanta, mu kuma muka san yunwa sosai. Na ji haushinsa a shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa har ya rasu, in ya ɗaga hannu yana addu'a, "iyayena mata" yake cewa, ya bar wa Allah sauran.

Yanzu ina unguwar Ka'akiyya, madara a kwali take zuwa, ba mai akuya. In zafi ya fara ni ma nakan bar ta, kuma tambayar kakata ta dawo kaina, ba ta bar ni na zauna ba. Ran nan a asibiti a Jidda na ga wata mai shara da irin zanen nan a goshi, na bi ta da kallo har ta tsargu. A hanyar dawowa muka wuce allon da ke cewa wanda ba Musulmi ba ya tsaya nan. Da matar da ta shayar da mahaifina ta biyo mu, nan ne iyakarta. Nononta kuwa ya shiga a jikin mahaifina, ya yi ɗawafi ba adadi, ga shi har yau yana zaune a Makka yana haifar jikoki.