Bube da Kwazazzabon Taloka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, 1375, Allah Ya ɗauki ran Malam Bube na Wurno, taubashina, ɗan ƙanen innata, wanda munka kwashe shekaru muna tsiya da juna.

Bube, ka tahi ban gama da kai ba.

Kowa ya san ka da tsohuwar hanyar fatake, wadda ta taso daga Rabah ta ratsa Wurno ta nufi Goronyo. Kakanninmu sun bi ta da jakai tun ba a san Nasara ba. Da hukuma ta kafa kwamitin gyaranta, anka sa ka ciki, anka ce ranar da aiki ya ƙare kwamiti ya watse. Kai ko ka san in ya watse, damina biyu ta ishe hanyar ta koma daji.

To, mi ka yi? Ka tara gayya, kunka share rijiyoyi, kunka dasa durumi, ka aje randunan ruwa don matafiya. Amma kwazazzabo guda kusa da Taloka ka ƙi cike shi. Duk rani jami'i shi zo duba aiki, ka kai shi bakin ramin, ka tuɓe hula: "Ranka shi daɗe, da saura."

Ni ko in tare ka bakin kasuwa: "Raggo, ramin da kaza ka tsallakewa ya gagare ka?"

Ka ce, "Sabuwa, shiga ciki, ke kaɗai kin cike shi."

Bana anka tabbatar da kwamitin, babu ranar watsewa. Wanshekare ka ɗauki kwando da tsufanka, kai da mutanen Taloka, kafin la'asar babu rami. Ka biyo ta gidana, ƙura har gemu, wai ka zo ganin mai kiranka raggo. Na ba ka hura, ban ba ka haƙuri ba.

Jiya masu gaisuwa sunka zo daga Goronyo, ba wanda ya sauka daga jakinai a Taloka.

Allah Shi jiƙan ka, Shi haskaka makwancinka, Shi sawwaƙe maka Siraɗi yadda ka sawwaƙe muna hanya. Turai matar Bube, ke da ɗiyanki, Habi da Mainasara, Allah Shi ba mu haƙuri.

Bube, wanga karon babu saura.